Tandar Goggo

Ina buga tafireta a wani ofishin gwamnati a Gwandu lokacin da aka ce za a ba ɗan kwangila abincin ma'aikata da shayin taro. Wanda ya ci kwangilar, shi kaɗai zai sayar da abinci a harabar. Raina ya ɓaci, domin Goggona, ƙanwar babana, a gindin dogon yaron ofishin take suyar masa tun rasuwar mijinta, da ita take ci da marayunta.

Na same ta tana zuba ƙullu na ce, "Goggo, in kina son wurin nan sai kin kai tanda kamar kowa. Ran Litinin za a buɗe."

"Tanda dai? To mi ad da wuya, ɗiyata?"

Ni tanda nake nufi ta masu kwangila, takardar farashi a ambulan. Ita kuwa tanda ɗaya ta sani a duniya, wadda ake suya a ciki. Ta dubi tata ta ga baki ya ɓare, ta ce ba da wannan za ta shiga gaban manya ba. Ta hau mota har Kalgo, ta ɗauko ta marigayiya mahaifiyarta, baƙa ƙirin, girke sai mutum biyu.

Ran Litinin 'yan kwangila sun jeru da manyan riguna, kowa na zura ambulan ta ƙaramar kafar akwati. Sai ga Goggo da abu a ka, naɗe da zane. Ta sauke a gaban shugaban kwamiti, ta dubi kafar akwatin.

"Ranka ya daɗe, ta ina wagga za ta shiga?"

Wallahi na so ƙasa ta tsage. Masinjan ofis ya fice da gudu yana riƙe da ciki don dariya. Shugaban kuwa dattijo ne, ya danne dariyarsa ya yi mata bayani a hankali. Goggo ta saurara sarai, ta ce, "Yanzu abinci za ku zaɓa ba ku ɗanɗana ba?"

Ta fita ta hura wuta. Kafin a gama karanta ambulan, ƙamshi ya cika ɗakin, kwamiti ya tafi hutun da ba ya cikin tsari. Sun ci, sun yaba, har da neman ƙarin yaji. Amma doka takarda ta sani. Wani Alhaji mai sayar da siminti ya ci kwangilar.

Na raka ta gida. Bayan la'asar sai ga Alhajin yana sallama, yana tambaya ko za ta riƙa yi masa suya, ya biya ta a wata.

Ta koma gindin dogon yaronta, amma masar ba tata ba ce kuma. In na yi mita takan ce, "Bar shi. Shi ya ci tanda, ni ka wanke ta."