Takardar Gwiwa Marar Wasali

Shekara talatin da ɗaya ke nan da rasuwar yayana Sale, wanda mutanen Kazaure suka fi sani da Sale Mai Garma. Duk shekara nakan yi masa addu'a in ja bakina. Bana akwai maganar da ya kamata in fitar tun ina da sauran numfashi.

Ga waɗanda ba su riske shi ba, rumfa gare shi a bakin kasuwa, yana sayar da garmar shanu da kayan gyaranta, a shekarun da kuɗin mai suka fara shigowa, manomin gyaɗa ya fara raina fartanya. Masu sayen kayansa suna Roni, suna Gwiwa, har Kanya Babba. Babu waya a lokacin. Mutum zai rubuto 'yar takarda ya ba direban motar kasuwa: akwai abu kaza, nawa ne? Ƙa'idar Yaya ɗaya ce, motar da ta kawo tambaya ita za ta koma da amsa. Ko kayan sun ƙare sai ya rubuta babu, don mai tambaya ya san inda zai nufa.

Ni kuwa sabon malamin firamare ne, da satifiket, da biro uku a aljihun gaba, biyu ba sa rubutu. Takardun boko ni nake karanta masa, na ajami shi da kansa. Wata shekara da faɗuwar damina zai tafi Kano sarin kaya, ya ce, "Ticha, za ka iya riƙe mini takardu kwana uku?" Na ce, "Haba Yaya, ai abincina ke nan."

Washegari takarda ta zo daga Gwiwa, da ajami, babu wasali ko ɗaya. Tun ina yaro na bar makarantar allo da wuri, ko da wasulan ma tuntuɓe nake yi. Na juya ta, na kai ta haske, ba ta ce mini komai ba. Taku ashirin ne tsakanina da mai goro, wanda da zai karanta mini ita yana tauna hajarsa. Amma a ji Ticha, mai koya wa 'ya'yan mutane Turanci, ya kasa karanta Hausa? Na ce wa direba amsa na nan tafe, na cusa takardar cikin littafin darasi. Da Yaya ya dawo ya tambaya, na ce duk na amsa. Daga nan fito da ita ya fi ƙarfina.

Bayan kwana tara sai ga wani dattijo daga Gwiwa, Malam Dauda, a kan keke, da ƙwaryar ƙwan zabi ɗaure a baya.

"Sale, ashe kana tsaye? Ni dubiya na zo."

"Wa ya ce maka ba ni da lafiya, Malam?"

"Shirunka. Mota ta dawo sau biyu ba amsa, na ce wa iyali lallai Sale na kwance."

Bakin garmarsa ne ya karye. Abin da ya tambaya kawai, akwai ko babu, in babu ya nemi maƙeri. Akwai su jibge a rumfa. Ya zauna jira don ya san Sale ba ya ƙin amsa, maƙwabta suka yi huɗa suka shuka, ruwan shuka ya wuce shi. Gyaɗarsa ta wannan shekara ba ta yi abin kirki ba.

Yaya bai ko dube ni ba. Ya ce, "Takardarka ta zo, Malam. Ni na yi sakaci, ka yafe mini." Malam Dauda ya karɓi bakin garma, ya ajiye ƙwan, ya ce, "Ka dai ci, mantuwa ma ciwo ce."

Na jira faɗa, bai zo ba. Sai dai tun daga ranar, duk takardar ajami da ta zo, Yaya yakan zauna kusa da ni ya karanta ta a bayyane, sannu a hankali, yana bin baƙaƙen da yatsa, kamar idonsa ne ya fara rauni. Haka na koyi ajami. Har ya koma ga Allah ban ce masa na gode ba, don godiyar tana tafe da amsa laifi.

Yau kowane ɗan tireda yana da waya a aljihu. Ka aika tambaya, ka ga alamar an karanta, ka yi ta jira har ka saya a wani wuri. Da Yaya yana raye da ya yi mamakin mutumin da motarsa ke komawa cikin ƙiftawar ido amma ta koma ba kaya. Ni dai ba ni da bakin yi musu faɗa.

Rumfar yanzu wurin cajin waya ce. Abin da ya saura na Yaya sunansa ne, kuma akwai tabo ɗaya a jikinsa. Watan jiya na je ta'aziyya Gwiwa, ɗan Malam Dauda, shi ma ya yi furfura, ya riƙe hannuna ya ce, "Allah ya jiƙan Sale, mutumin kirki. Sau ɗaya tak ya taɓa yi wa babanmu sakaci." Na ce amin, na hau mota na dawo.

To mutanen Gwiwa, wanda ya iya boko ya karanta wa wanda bai iya ba. Sale bai taɓa ganin takardar nan ba. Ni na ɓoye ta. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan Malam Dauda, ni kuma ku yafe mini.