Akwatin Gwaggo

Na daɗe ina koyar da tsarin kiwon lafiya a jami'a kafin a ba ni shugabancin ƙananan asibitocin karkara. Na shiga ofis da zafina, wallahi. Duk wanda ya zo mini da "ai haka muka saba", sai na wanke shi tas.

Takardar da na fara sa wa hannu ita ce wadda ta hana unguwarzoma karɓar haihuwa a gida. Ta raka mai naƙuda asibiti, iyakar aikinta ke nan. Akwatunan da aka taɓa raba musu, masu sabuwar reza da zare da sabulu da safar hannu, na ce a karɓe. Har gobe ina nan a kan cewa asibiti ya fi. Amma nisan kowane ƙauye da asibiti a taswira na auna shi, da rula, ina zaune ƙarƙashin fanka. Rangadin da na yi kuwa da rani ne, mota tana ratsa rafi kamar titi.

Gwaggona, yayar mahaifina, ita ce unguwarzomar ƙauyenmu, can gefen dajin Falgore. Ita ta yanke mini cibiya. Ranar karɓar akwatuna a Tudun Wada ta ƙi miƙa wa ma'aikata nata. Ta ratso mutane ta dire shi a gabana.

"Ranki ya daɗe," in ji ta, ita da ba ta taɓa ce mini komai ba sai 'yar nan. "Yaushe rabonki da gida da damina?"

Aka kwashe da dariya. Raina ya ɓaci. Na ce, "Gwaggo, nan aiki muke yi, ba zumunci ba." Kai, wannan baki nawa! Ta gyara mayafinta ta fita.

Da ruwa ya zauna, rafin da ke tsakanin ƙauyenmu da asibiti ya kawo, kwana uku ko babur ba ya haurawa. Naƙuda ta kama wata yarinyar ruga da hantsi, aka aiko wa Gwaggo. Za ta ce musu an hana ne? Ta je hannu rabbana. Da tsohuwar rezar askin mijin yarinyar ta yanke cibiyar. Namiji ne. Kwana biyar da haihuwa ya daina kama nono, jikinsa ya sandare. Ranar da za a yi suna aka binne shi.

Da bakinta ta ba ni labarin da na je gida da Sallah, tana ɓarar gyaɗa, ba ta dube ni ba.

"Na wanke rezar da ruwan zafi, 'yar nan. Ke da kika yi karatun, laifina ne?"

Shekara nawa ina koya wa ɗalibai cewa ta tsohuwar reza a cibiya ciwon nan yake shiga? Amma na buɗe baki na ce, "Ƙaddara ce, Gwaggo." Ban ce laifin nawa ne ba. Wannan shi ne abin da yake ci na har yau.

Na gyara takardar, na mayar wa ƙauyukan hayin rafi akwatunansu. Na kai mata nata da kaina, ta ce in bar shi, ita ta tsufa. Ba ta sake karɓar haihuwa ba har ta rasu.

Da na yi ritaya an ba ni lambar yabo, tana falo. Akwatin yana ɗakina. Rezojin suna nan cikin takardarsu, ko ɗaya ba a ɓare ba.