Ranar da Na Kai Mama Kallon Ganye

Mama ta yi wata huɗu a wurina a McLeansville, gabas da Greensboro, bayan ta fita daga takabar Baba. Saura mata wata biyu a bizarta, ni kuwa na riga na ƙudura a raina ba za ta koma Zariya ba. Takardun neman mata izinin zama suna cikin durowata, sa hannunta kawai suke jira. Duk sanda na ɗauko maganar sai ta ce, "To, a bari mu gani," ta ja carbinta.

Da na ga lallashi ya ƙi ci, sai na koma ga dabara. A watan Oktoba ganyen itatuwan yammacin jihar nan yakan rikiɗe ya canja launi, sai na ce zan kai ta Boone, garin da ke can kan duwatsu. Na yi imani duk wanda ya ga wurin ba zai ƙara cewa ƙasar nan ba ta zaunuwa ba.

Ranar Asabar da safe na fito na tarar ta ci ado, leshinta mai ruwan zuma, mayafi ya sha turare. Ga jaka a gefenta, cike da dambun nama da yaji da cincin.

"Mama, wannan fa?"

"Tsarabar mutanen da za mu je wurinsu mana. Hannu rabbana za mu shiga gidan mutane?"

"Ba wurin kowa za mu ba. Ganye za mu je kallo."

Ta dube ni kamar na zare. "Tafiyar awa biyu, ba biki, ba suna, ba gaisuwar mutuwa? Ganye?" Ta rungume jakarta ta shiga mota. A ganinta akwai wata Hajiya can da nake ɓoye mata.

Har muka wuce Winston-Salem gyangyaɗi take yi. Bayan Wilkesboro hanya ta fara hawa, kunnuwanmu suka toshe, ta buɗe ido ta yi salati.

"Fari aka yi bana? Duk itatuwan sun ƙone!"

Na ce mata haka suke yi duk shekara, su zubar da ganyen, su sake toho. Gajimare ya sauko ya kwanta cikin kwari, muna tafe a samansa. Wani gefen dutsen ja kamar manja, wani ruwan ɗorawa, wani ruwan goro, har inda ido ya tsaya. Ganye yana saukowa kan gilashin motar a hankali, ya ɗan huta, iska ta ɗauke shi. Na rage gudu. Ban san lokacin da na kashe rediyo ba, kuma na manta rabon da in ji zuciyata ta yi sanyi haka.

A wata kwana muka ga rumfar wata tsohuwar Baturiya mai sayar da tuffa da zuma. Mama ta ce in tsaya. Ta sauka da jakarta, ta gaishe ta gaisuwa cikakkiya, ina kwana, ya gida, ya iyali, ya sanyi, ni ina fassara ina jin kunya. Sannan ta miƙa mata jakar da hannu biyu. Matar ta rikice, ta ɗauka talla ce, sai da na ce mata kyauta ce daga nesa. Ta ɗanɗana dambun ta lumshe ido, ta cika mana kwando da tuffa. Suka zauna kan benci, kowace tana magana da yarenta, suna ta dariya.

A wurin tsayawa na can ƙoli muka yi azahar a kan ciyawa. Duwatsu sun jeru shuɗi bayan shuɗi, na ƙarshensu ya narke cikin sama. Mama ta daɗe tana kallo, fuskarta a sake, irin yadda ban gan ta ba tun rasuwar Baba. Na ce a raina shi ke nan, na yi nasara.

"Kin gani, Mama? Idan kin zauna, duk shekara zan kawo ki."

Ta kama hannuna. "Tun da kika taho ƙasar nan nake hango ki cikin ƙanƙara da siminti, ko barcin kirki ba na yi. Ashe wuri irin wannan Allah ya ajiye ki. Yanzu kam hankalina ya kwanta, 'yar nan. In mun koma ki nemo mini jirgi, kafin sanyi ya shigo."

Ni na kawo ta, da motata, da dabarata. Na ce, "To, Mama," na juya fuskata wajen duwatsun don kada ta ga ina kuka.