Baƙon Da Ya Shiga Gidanmu Ba Sallama

Duk lokacin da na ji ƙamshin jiƙaƙƙen ganyen goro, zauren kakanmu na unguwar Sabo, can kudu, nake tunawa, da kwamfutar yayana a ɗore kan huhun goro.

A wata damina rufin gidanmu ya gama lalacewa. Yaya, wanda yake karatun injiniya, yana son a rushe ɓangare ɗaya a tayar da bene. Ba a taɓa ko bulo ɗaya sai kaka ya yarda, shi kuwa in an shimfiɗa masa zanen takarda cewa yake bai ga komai ba sai hanyar tururuwa. Ni ina cikin masu addu'ar ya yarda, don yaya ya sa mini baranda, irin wadda 'yan matan littattafan da nake ɓoyewa ƙarƙashin katifa suke tsayawa a kai da yamma.

Manhajar da yake zane da ita tana da wurin motsa hoto. Zai ja layi daga titi zuwa cikin gida, ido ya bi layin kamar mutum yana tafiya. Ranar da ya gama, bayan la'asar, muka taru a zaure.

"Oya, maza, tsoho, gyara tabarau," in ji yaya.

Hoton ya taso daga titi, ya ratsa zaure bai tsaya ba, ya wuce tsakar gida, ya kutsa ɗakin innarmu.

"Tsaya! Wane ne wannan?" in ji kaka.

"Ba kowa ba ne, Alhaji, ido ne kawai."

"Idon wa? Ja'iri, ƙato ka kawo mini har ɗakin uwarka ba sallama?"

Ya ɗauki butarsa ya fita. Kwanaki ba a sake tayar da zancen ba, mu kuma muna ta tara robobi ƙarƙashin yoyo.

Yaya bai yi musu ba. Ya karkatar da ƙofar ciki yadda na titi ba zai hango tsakar gida ba, ya sa idon ya tsaya a zaure. Da aka sake nunawa, hoton ya iso ya tsaya cak. Kaka ya bar shi a tsaye, ya ɓare goro, ya tauna a nutse. Can ya ce, "To, shigo." Sai a lokacin yaya ya danna.

An yi benen. Barandata aka juyo da ita tana kallon igiyar shanya, kuma kafin a yi mata fenti na yi aure. Yanzu in na kira gida ta bidiyo, 'ya'yan yaya sukan ɗauki wayar da gudu su zaga da ni ɗaki ɗaki. Nakan ce su dakata a zaure tukuna. Dariya suke yi, su ce ai ni 'yar gida ce.