Ɗakin Tsohuwa a Bakin Ƙorama

Ba a daɗe da samun ƴancin kai ba aka turo ni Tawa aikin kiwon lafiya. Ni mutumin Damagaram ne, ban san kowa ba a ƙasar Adar, inda Tawa take. Da rani ya kama, shugabanmu ya ce in zaga ƙauyukan arewa, wajen Takanamat, in ga yadda mutane ke zaune: ɗakunansu, ruwan shansu, da abin da ya rage a rumbu. Ya ce kada in zauna a zauren maigari ana ba ni labari, in shiga in gani da idona.

Motar gwamnati ta ajiye ni ta juya. Daga nan sai tafiyar ƙafa, wani lokaci jakin aro.

Ƙauyukan sun yi tsit. Majiya ƙarfi sun tafi cin rani Kurmi, can kudu, an bar mata da tsofaffi. In na yi sallama, a amsa, a shimfiɗa mini tabarma, a kawo fura, sai kowa ya ja baya. Sun ɗauka maganar haraji ce ta kawo ni. In na leƙa rijiya, mata su yi shiru har in wuce. Na ga rijiyoyi masu zurfi da ba a ɗaga bakinsu ba, ruwan da ya zube yana komawa ciki da kashin dabbobi. Na ga masu kurkunu zaune a inuwa sun miƙe ƙafa. Akwai ranakun da ban da gaisuwa ba abin da ke fita daga bakina.

A wani ƙauye da ke gindin dutse, na gama zagayen gidaje da hantsi, sai na hangi wani ɗaki shi kaɗai a bakin ƙorama. Maigari ya ce wata tsohuwa ce a ciki, an yi an yi ta dawo cikin mutane ta ƙi.

Na tarar da ita tana tsince wake a faifai. Ita ce ta farko da ta dube ni ido da ido.

"Kai ne baƙon da ke leƙen rumbunan mutane?"

"Ni ne, Inna."

"To shigo ka leƙa nau, ba komi ciki."

Na zaga bayan ɗakin. Ruwan bara ya cinye ƙasar da ke gindin bango, ga tsaga tun daga ƙasa har rufi, hannuna na shiga ciki. Na dawo na tsuguna gabanta.

"Inna, ɗakin nan ba zai kai ƙarshen damina ba. Ki koma cikin gari."

"Ɗana ya gina shi," in ji ta. "Da za shi tahiya Kurmi ya ce in jira shi nan. In ya zo bai ishe ni ba, mi zan ce mishi?"

Na tambaye ta yaushe ya tafi. Ta ce damina ta yi ta wucewa, abokan tafiyarsa sun dawo sun sake komawa, wasu su ce sun gan shi, wasu su ce ba su gan shi ba. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma daina tsintar wakenta ba. Na zauna wurinta har azahar. Ta yi ta dariyar Hausata, ta tambaye ni ko uwata tana da rai. Na ce tana nan. Ta ce, "Ita ma tana zaune tana duban hanya ke nan."

Kafin in bar ƙauyen na roƙi maigari a sa mata ido in hadari ya taso. Da na koma Tawa na faɗa wa shugabanmu duk abin da na gani. Ya ce maganar rijiyoyi za a kai gaba, amma ɗakin tsohuwa ɗaya ba aikinmu ba ne.

Bayan kaka aka sake tura ni. Ban ko tsaya gidan maigari ba, na nufi ƙorama. Ɗakin ya zama tsibin ƙasa. Na tsaya ina duban kangon, sai na ji murya daga kan tudu: "Baƙo, ka komo?"

Ashe ranar da ruwan ya zo, matan gari ne suka fitar da ita da ƙarfi, tana yi musu faɗa. Da ruwa ya janye ta ƙi zama cikin gari, sai suka kafa mata bukkar zana a kan tudun, inda take hangen kangon da kuma hanyar kudu. Ta rame ƙwarai.

"Ka faɗi gaskiya, ɗan nan," in ji ta. "Ɗakin ya faɗi." Can kuma ta ce, "Garinku kan hanyar Kurmi yake?"

Na ce a'a, gabas yake. Ta gyaɗa kai, ta matsa mini wuri a tabarma, muka zauna muna duban hanya har rana ta karkata.

Kafin wani rani aka mayar da ni Ƙonni. Na taɓa haɗuwa da wanda ya gaje ni a wurin wani taro, na tambaye shi labarinta. Ya yi tunani, ya ce ƙauyukan gindin dutse suna da yawa, bai gane wanda nake nufi ba.