Sunan Mai Saye a Jikin Rago

Ni dillalin raguna ne, kuma kafin in lalace babu wanda ya taɓa kirana ɓarawo. Kawuna ne ya kawo ni Onitsha ina saurayi. Shi yana sayar da albasa a kasuwar Head Bridge, ni kuma na faɗa cikin masu dabbobi. Ban yi boko ba, allo ma ban yi nisa ba, amma in na ɗaga leɓen rago na ga haƙoransa zan faɗa maka shekarunsa, in na dafa gadon bayansa in faɗa maka ko nama ne ko gashi. Da wannan na yi aure, da shi na ciyar da 'ya'ya uku. Yau na haura arba'in, kuma da hannuna nake rubuta wannan, ni da a da ko sunana ban iya rubutawa ba. Ku samarin da kuke wuni da waya a hannu kuna cewa za ku yi kasuwancin intanet, da ku nake.

Da na sayi babbar waya sai na gano cewa rashin karatu ba zai hana ni ciniki ba. Akwai hoto, akwai saƙon murya. Mutanenmu na Fatakwal da na Enugu, waɗanda aiki ba ya barinsu su zo kara, wato kasuwar dabbobi, sai su kira ni in Babbar Sallah ta matso. In ɗauki hoton rago in tura, mu daidaita, su biya ta waya, in saka ragon a mota. Shekara biyu ina haka ban cuci kowa ba. Wani ya ba wani lambata, har na daina zaman jiran mai saye a rana.

Ga yadda abin ya fara. Wani mai shago a unguwar Rumuokoro ta Fatakwal ya ce fari yake so, babba. Nawa fararen matsakaita ne. Amma a garken maƙwabcina akwai wani rago da duk wanda ya wuce sai ya waiwaya: fari tas, ƙaho ya murɗa sau biyu, da baƙin zobe a idonsa na hagu kamar an sa masa kwalli. Na ɗauki hotonsa na tura. Mutumin ya biya, na aika masa da nawa. Da ragon ya isa ya kira ni ya ce, "Oga, wannan kamar ya rame a hanya." Na ce wahalar mota ce. Ya yi dariya, magana ta mutu.

Da ya zage ni a ranar, wataƙila da na tsira. Bai zage ni ba. Sai na koyi cewa hoton ne yake ciniki, ba ragon ba.

Sallar da ta biyo baya na sayi sabon layi. Maƙwabcina ya daɗe da sayar da mai kwallin, wataƙila ma an ci shi an manta, amma yana nan a wayata da ransa. Na sayar da shi ga mutum bakwai, ban kuma aika ko akuya ba. Duk wanda ya kira sai in tura masa murya in ce yana hanya. Jajibirin Sallah na cire layin na jefa a kwata.

Ɗaya daga cikin bakwai ɗin shi ne Malam Ilu, dattijo mai koyar da Alƙur'ani a Enugu. A shekarar ne ya fara samun halin yin layya da kansa. Saboda murna, bayan sallar la'asar ya fito da waya yana nuna wa mutane ragonsa. Wani Alhaji mai sayar da wake a kasuwar Ogbete ya leƙa, sai ya zaro tasa wayar ya ajiye kusa da ta Malam. Rago ɗaya, ido ɗaya mai kwalli. Malam ya ce a'a, ai raguna suna kama. Har safiyar Sallah yana zaune a tasha yana duba kowace mota.

Na canza layi, na ɓoye suna, amma na manta abu ɗaya. Tun da ban iya rubutu ba, duk ƙaryar da na yi da bakina na yi ta. Malam Ilu da Alhajin suka kunna saƙona ga wani direba da ke zirga-zirga tsakanin Onitsha da Enugu, bai ma bari ya ƙare ba ya faɗi sunana da na kawuna.

A kotu aka kunna muryata. Na tsaya ina jin kaina ina cewa, "Wallahi Malam, ragonka ya wuce rabin hanya, ka wasa wuƙa." Malam Ilu yana zaune a benci na biyu, bai ko kalle ni ba. Da alƙali ya tambaye shi ko yana da magana, ya ce, "An mayar mini da abin da na biya. Wa zai mayar mini da ranar?" Aka ba ni shekara biyu.

Ba zan ba ku labarin kurkuku ba, don kada wani ya ɗauka jarumta ce. Wari ne da ƙaiƙayi da jiran wanda ba zai zo ba. Abu ɗaya na fito da shi: wani tsohon malamin firamare da muke ɗaki ɗaya ya koya mini baƙaƙe da gawayi a ƙasa. Wata uku ina fama kafin in bambanta b da d. Ya ce bai taɓa ganin ɗalibi mai taurin kai kamata ba. Na ce ai ba inda za ni.

Ranar da na fito, kawuna ya ajiye mini kuɗin mota a gabana. Ya ce, "Ka koma gida ka yi noma. A nan sunanka ya mutu. Mai Rago Ɗaya suke kiranka, har masu okada."

Na ce, "Kawu, ka yi haƙuri, ba inda za ni. A garin nan na ɓata, a nan zan gyara. In na gudu, abin da suka sani game da ni shi ne na ƙarshe."

Ya ce, "To ka bar wayar."

Na ce, "Wayar ba ta taɓa rantsuwa ba. Ni na yi."

Na shiga ajin yaƙi da jahilci bayan la'asar, ina zama da mutanen da na girma. Na karɓi awaki kaɗan daga hannun maƙwabcin nan nawa ina sayar masa, yana tsaye a kaina. Na sayi layi ɗaya da sunana na gaskiya, na sa fuskata a kai, kuma har in mutu ba zan canza shi ba. In an yi asuba ina garke, in ba su abinci, in duba ƙafa da ido, sannan in zauna in amsa duk saƙon da ya shigo, har da na masu zagi. Masu zagin sun fi yawa. Wani ya rubuto, "Har yanzu mai kwallin yana hanya?" Na amsa masa da rubutu cewa na ci amana, an ɗaure ni, na fito, ga abin da nake da shi yau. In dabba tana da aibi, shi nake fara faɗa kafin farashi. Na rasa ciniki da yawa saboda haka, ban kuma daina ba.

Masu raguna suna da al'ada: in an saya, sai a shafa wa ragon fenti a baya don a san an sayar. Ni sai na mayar da shafen nan rubutu. Duk wanda ya saya, da shuɗin fenti nake rubuta sunansa a haƙarƙarin dabbar, in tsaya kusa da ita, in ɗaga leɓenta a bidiyo ya ga haƙora. Hoton da ke ɗauke da sunan mutum ba ya sayuwa ga wani. Na ɗaure hannuna da kaina, don na san halina. 'Yan kara suka yi ta dariya, wai rubutuna kamar kaza ta taka fenti. Na ce su yi, ana dai karantawa.

Sallar bara na tura wa Malam Ilu saƙo na ce ina so in ba shi rago kyauta. Kwana uku bai amsa ba. Da ya kira ya ce, "Ba a layya da kunyar wani. Saya zan yi, kuma kafin ka kawo zan biya, kamar wancan karon. In ka kawo, ka kawo."

Da duka ya yi mini da ya fi sauƙi. Duk unguwarsu sun ji ya sake biyana kafin rago ya iso, har an ce masa ya tsufa bai yi wayo ba. Na zaɓi rago, na rubuta sunansa, na tura hoto. Ban ba direba ba. Na shiga bayan motar na zauna da shi tun daga Onitsha har Enugu, ya yi mini fitsari a ƙafa sau biyu.

Na same shi a ƙofar masallaci da mutane. Na durƙusa na gaishe shi, bai amsa ba. Ya ɗaga leɓen ragon, ya duba ido, ya shafa kunnuwa, ya zaga ya tsaya a kan rubutun. Sannan ya juya ga Alhajin nan mai wake ya ce, "Alhaji, duba wayarka, ko kai ma kana da shi?" Aka kwashe da dariya, ni kuwa kaina a ƙasa. Sai ya karɓi igiyar daga hannuna ya ce, "Sannu da hanya. Tashi ka wanke ƙafarka, an kusa tayar da salla."

Har yau akwai waɗanda ba sa amsa sallamata, kuma ba na ganin laifinsu. Na tuba ga Allah, sauran shida ɗin ma na bi su ɗaya bayan ɗaya, biyu sun ƙi ganina. Amma ba zan bar garin nan ba, ba zan bar sana'ar nan ba.

Ku kuwa, kada ku ce sai kun shiga inda na shiga za ku gane. Kasuwancin waya halal ne, yana kuma ciyar da gida, amma a hankali yake tashi, kuma jarinsa shi ne mutum ya yarda da kai bai gan ka ba. Ku riƙe lamba ɗaya. Ku nuna fuskarku. Ku koyi rubutu ko da gemu. Ranar da mai saye ya nemi abin da ba ku da shi, kuma ga na maƙwabci yana kallonku, ku mayar da wayar aljihu ku ce babu. Ni wannan kalmar ce na kasa faɗa, na yi shekara biyu ina koyon rubuta ta da gawayi.