Ƙamshin da Na Ɗauka Buɗi Ne

Assalamu alaikum. Wata bakwai ke nan ban ce uffan a nan ba. Masu tambaya ko lafiya, gaskiya ba lafiya ba, amma yanzu alhamdulillahi.

Da ƙamshi abin ya fara. Bayan sallar asuba ina zaune ina zikiri a gidanmu a Kiyawa, sai in ji ƙamshin turare alhali ba wanda ya kunna. Zuciyata ta yi sanyi, komai ya yi min nisa, jikina ya yi sakayau. Ba ya daɗewa sai ya wuce.

Ni kuwa, malamar Islamiyya guda, na ce shi ke nan, Allah ya yi min buɗi.

Na gaya wa mahaifina, Baba Malam. Ya ce, "Uwata, wannan hali ne. Baƙo ne, zuwa yake ya tafi." Na ce a'a, wanda ya kai ya kai, Allah ba ya kyauta ya karɓe. Wata biyu muna wannan musu. Kun dai san ni da taurin kai.

Ranar da na faɗi a gaban ɗalibai har na ciji harshe, aka kwashe ni sai asibiti a Dutse. Ƙarin ruwa, gwajin jini, daga nan Kano, aka liƙa min wayoyi a ka. Likita ta ce farfaɗiya ce, ƙamshin nan kuma alamar tahowarta ne. Na ji tsoro, amma wallahi kunya ta fi yawa.

Na fara shan magani, faɗuwa ta tsaya. Ƙamshin ma ya ɗauke. Zikiri ya koma min kamar tauna dusa.

Ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba sai 'yan gida: da gangan na ajiye maganin kwana tara don abin ya dawo. Ya kuwa dawo. Na faɗi kusa da murhu, hannuna ya ƙone.

Baba bai yi min faɗa ba. Ya zauna a bakin gadon asibiti yana min fifita. Ya ce kakansa ya shiga halwa shekarar da Turawa suka shigo ƙasar nan, ya ga abin da ya gani, bai sake gani ba har ya rasu, kuma bai taɓa fashin wuridi ba.

Na ce, "Baba, to nawa fa? Duk ciwo ne?"

Ya ce, "Ban sani ba, uwata. Amma ai ba don ƙamshi kika fara ba."

Na yi kuka sosai ranar.

Na gode wa maigidana, da ma'aikatan jinya, da ku masu addu'a. Allah ya saka da alheri. Don Allah, wanda yake jin ƙamshi ko ganin haske da wasu ba sa gani, ya gaya wa malaminsa, ya kuma gaya wa likita. Kada ku ajiye magani da kanku.

Wata huɗu ke nan ban faɗi ba. Ina kewar abin, ba zan ɓoye muku ba. Yau ma da asuba na yi bismilla na haɗiyi ƙwayata, sannan na ɗauki carbi.